A kashe ɓera, amma ba da gam ba, ba da guba ba

Ranar Asabar bayan la'asar, a wani lungu da ke bayan kasuwar Aboabo a Kumasi, na iske yara sun yi cincirindo suna shewa. Kwali ne a tsakiyarsu, an shafe shi da gam, ɓera ya manne a kai. Gefen fuskarsa ya lafe a gam ɗin, ƙafarsa ɗaya ta baya ta karye garin fizga, yana wani siririn kuka. Wani dattijo da ke zaune a benci ya dubi babban cikin yaran ya ce, "Kai, je ka karɓo kalanzir wurin uwarka."

Na ce, "Baba, a buga masa dutse mana kowa ya huta."

Ya ce, "Malam, ka san abin da ɗan banzan nan ya yi min? Wayar firizar matata ya cinye, kifi da kankara duk suka lalace. Bari ya ɗanɗana."

Ban ga laifin fushinsa ba. Duk wanda ya zauna gidan haya a Aboabo ko Asawase ko Sawaba ya san baƙin cikin buɗe buhun shinkafa a tarar da kashin ɓera, ko a ɗauko shadda daga akwati ranar Juma'a a ga an yi mata taga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hanyar da muka ɗauka.

Ra'ayina a fili yake. Ɓeran da ya shigo ɗaki a kashe shi, ba na cikin masu cewa a lallaɓa shi. Amma a kashe shi da tarkon da ke gamawa da shi nan take. Gam zalunci ne. Gubar da ake talla da lasifika a Kejetia kuma haɗarinta a kanmu ya fi amfaninta. Kisan ma shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin, wanda muke gudu, siminti ne da murfi da tsintsiya.

"A kama shi da rai a sake shi"

Bari in fara da masu tausayi, domin akwai su, musamman matasanmu masu kallon bidiyon Turawa a waya. Suna cewa akwai keji na musamman, ɓera ya shiga ƙofa ta rufe, sai ka kai shi daji ka sake shi.

Wane dajin? Wanda ke zaune a Aboabo, in ya yi gabas gidajen mutane ne, in ya yi yamma gidajen mutane ne. Duk inda ka saki ɓeran nan bayan ɗakin wani ne. Ka ɗauke wa kanka wahala ka ɗora wa maƙwabci, sannan ka kira abin tausayi. In kuwa ka yi himma ka hau mota har bayan gari, ɓeran gida bai san daji ba. Ba rami, ba abincin da ya saba, shaho ko maciji ne zai gama da shi, ko yunwa.

Kuma kada mu manta da abin da dabbar nan ke ɗauke da shi. Garin nan ya taɓa gani. A 1908 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta faɗa wa Accra, a 1924 ta faɗa wa Kumasi, kuma Zongo na cikin wuraren da gwamnatin mulkin mallaka ta fi sa wa ido a lokacin. Wannan ya wuce. Wadda ba ta wuce ba ita ce zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. An fara tabbatar da shi a Ghana a 2011, kuma a watan Fabrairun 2023 cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon ta tabbatar da ɓullarsa a tsakiyar Accra. Ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa yake shiga abinci. Gaskiya ne nau'in ya fi yawa a gonaki da rumbunan ƙauye, ba kowane ɓeran birni ba ne. To amma masara da doya da gyaɗar da muke ci daga ina motoci ke sauke su? Daga Techiman da Ejura da Tamale.

Ta fuskar addini ma ba wata jayayya. Bukhari da Muslim sun ruwaito dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, ɓera na cikinsu, tare da kunama da hankaka da shirwa da kare mai cizo. Saboda haka tambayar ba "a kashe ko kada a kashe" ba ce. Tambayar ita ce ta yaya.

Gam

Addinin da ya ba da izinin kisan shi ne ya kafa masa sharaɗi. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Muslim, wanda yaran makarantar allo da Islamiyya ke haddacewa, ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Mun riƙe shi a kan ragon layya, muna wasa wuƙa, muna ɓoye ta kada ragon ya gani. Da aka zo kan ɓera sai muka manta. An kuma hana azabtarwa da wuta, an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa.

Ɓeran da ya hau gam ba ya mutuwa nan da nan. Yakan kwana, wani har ya sake yini, yana fizga har fata ta saɓule, wani ya ciji ƙafarsa. Ƙishirwa ko toshewar hanci ke kashe shi a ƙarshe. New Zealand ta hana sayar da irin wannan tarko tun 2015, Wales ta hana amfani da shi a 2023, a Ingila kuma tun 2024 laifi ne mutum ya ɗana shi ba tare da lasisi ba. Ba don Turawa sun hana nake magana ba. Kunya ce kawai a ce wanda bai karanta hadisin ba ya riga mu aiki da shi.

Ko an ajiye tausayi gefe, gam ƙazanta ne. Dabbar da ta firgita fitsari da kashi take saki, a nan cikin ɗakin girki, kuma da safe yaro ake aika ya ɗauki kwalin da hannu. Ɓeran da rai yake, yana iya cizo. Gam ɗin kuma bai san ɓera ba: ƙadangare, ɗan tsako, ɗan kyanwa, duk wanda ya taka nasa ne.

Sai abin da yara ke koya. Yaron da babba ya aika ya kawo kalanzir don a ƙona abu mai rai ana dariya, wani darasi ya ɗauka ranar, ba kuma na tsafta ba ne.

Guba

A nan ne na fi samun masu ja da ni, domin guba tana da arha kuma tana aiki. Da 'yan sidi kaɗan za ka sayi ƙulli a leda, ka gauraya da kan kifi ko ragowar tuwo, ka tura bayan kabad. Mai tallan ma ba ya zuwa hannu rabbana, busassun ɓeraye yake ratayawa a sanda don shaida.

Ka tambaye shi mene ne a cikin ƙullin. Bai sani ba. Ba suna, ba lambar rajista, ba umarnin abin da za a yi in yaro ya lasa. A ƙasar nan hukumar kare muhalli ta EPA ce ke yi wa irin waɗannan magunguna rajista, kuma duk wanda ya bi ta hannunta da takarda a jikinsa. Wanda aka juye a ledar kankara aka ƙulle, ba wanda zai ce maka ga abin da yake. Ranar da aka garzaya da yaro asibitin Komfo Anokye, tambayar farko da likita zai yi ita ce me ya sha. Amsar "maganin ɓera" ba ta wadatar, domin magungunan ɓeran ba iri ɗaya ba ne.

Akwai mai tsinka jini, wanda sau da yawa yake zuwa kamar alewa, shuɗi ko ja ko kore. Ba ya kisa nan take. Kwanaki yake ɗauka jini na zuba a ciki, shi ya sa uwa za ta ga yaro ya ci yana wasansa ta ce ba komai. Wannan yana da makari, bitamin K, in an je asibiti da wuri. Akwai kuma baƙin gari mai warin tafarnuwa, wanda in ya haɗu da ruwan ciki yake sakin iskar fosfin. Wannan ba shi da makari.

Mafi muni ita ce ƙwayar da ake sa wa buhunan masara da wake a sito. Iskar fosfin ɗin take saki da zarar ta sha danshi, ba sai an ci ba, shaƙa kaɗai ta isa. Don sito aka yi ta, inda ba mai kwana. Amma mutane na saya su jefa ƙarƙashin gado saboda ɓera da kyankyaso da kuɗin cizo. A watan Afrilun 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Accra bayan an sa irin wannan ƙwaya a ɗaki don kashe ƙwari, har hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta fito ta yi gargaɗi. A gidajenmu na Zongo, inda saman bango a buɗe yake tsakanin ɗaki da ɗaki, silin ɗaya ya haɗa kowa, wanda ya sa ƙwayar a ɗakinsa ya sa wa maƙwabcinsa ne ma.

Wani zai ce shi yana da hankali, can bayan firiji yake turawa inda hannun yaro ba ya kai. Na ji. Amma ɓera ba ya ci a inda ka ajiye masa kullum. Yana ja, yana ɗauka, yana yarwa a hanya. Gidan da ke da ɗaki goma, yara suna rarrafe a tsakar gida, kaji suna tono, awaki suna shiga ko'ina, wa zai bi sawun kowace ƙwaya?

Bayan haka ɓeran da ya ci guba ba a gabanka yake mutuwa ba. Cikin silin yake shigewa, ko bayan bango. Kwana biyu sai ɗaki ya ɗauki wari, ƙudaje su cika taga, a rasa inda abin yake sai an ɓalle silin. In kuma ya fito tsakar gida yana layi, kyanwa ce za ta fara damƙe shi, ita ma ta bi shi. Ka ga mun kashe mai gadin da ba ya karɓar albashi. Haka mujiya, wadda muke jifa don camfi alhali ɓera ne abincinta dare duka.

Duk da wannan haɗarin, gubar ba ta gama aikin. Ɓera mace ciki na kwana 19 zuwa 21 take yi, ta haifi biyar ko shida ko fiye, ta sake ɗaukar wani cikin ba da jimawa ba. 'Ya'yan kuma cikin mako 6 zuwa 8 sun isa haihuwa. Ka kashe goma yau, muddin ramin na nan kuma abincin na nan, wasu goman suna hanya daga kwata. Shi ya sa mai tallan bai taɓa rasa ciniki ba.

Motar da aka ajiye

Duk Zongo akwai irin motar nan. Ɗan gida yana Jamus ko Amurka, ya turo ta ta tashar jirgin ruwa ta Tema, an lulluɓe ta da tamfol a gefen gida sai ya zo hutun Sallah. Ko ta Alhaji da ya yi doguwar tafiya, ko wadda ke jiran kayan gyara.

Tamu ta ɗan'uwana ce. Da ya kusa zuwa aka yaye tamfol, aka sa batir, ta ƙi tashi, fitilun gaban direba duk suka kama. Janta aka yi zuwa Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Mai gyaran wayoyin mota ya buɗe akwatin matatar iska ya kira ni. Sheƙa ce sosai a ciki: yagaggen tishu, soson kujera, ledar biskit, ɓawon gyaɗa, duk an tattake an yi gado. Ya ɗago wani damin waya da ke zuwa ƙwaƙwalwar mota, robar ta zama kamar an bi ta da reza, jan ƙarfen a waje. Ya yi dariya ya ce, "Maigida, 'yan haya kuka samu, ba su biya ba."

Ba yunwa ce kaɗai ke sa ɓera cin waya ba. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, dole ya riƙa gurgura. Abin ya dami masu ƙera motoci har Honda na sayar da wani tef mai sinadarin barkono da ake naɗe waya da shi. Kuma waya ɗaya da aka gurgura a wurin da ido ba ya gani tana iya cinye kuɗin da ya fi na taya huɗu, ban da haɗarin gobara.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su zuba guba a ƙarƙashin kujera. Wannan gayyata ce. Abincin da aka gauraya da gubar shi zai kira ɓeran da da bai san da motar ba, ya ci, ya shige bututun iyakwandishan ya mutu. Wanda ya taɓa shiga motar da hakan ya faru da ita ya san turare ba ya maganin abin, sai an kwance gaban motar gaba ɗaya. Wasu kuma kafur suke watsawa, ko man na'a-na'a. Wari ne, yana gushewa, ɓera kuma yana sabawa. Na'urar da ake cewa tana fitar da ƙarar da ke korar ɓera ma, tun 2001 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gargaɗi masu yin ta cewa su kawo hujjar abin da suke faɗa.

Abin da ɓera ke nema a mota duhu ne da shiru da ɗumi. Sai a hana shi su. A share cikinta tas kafin a ajiye, ko ɓawon gyaɗa ɗaya kada a bari, a kwashe tishu da tsumma. Kada a ajiye ta jikin kwata ko bola ko ciyawa, ko kusa da buhunan dusa. Duk mako a samu wanda zai yaye tamfol, ya buɗe bonet haske ya shiga, ya tayar da ita ya ɗan zaga unguwa. A sa wa kafar shan iska ragar ƙarfe, a kuma ɗana tarko a gindin tayoyi, don ta nan suke hawa. Na san matsalar: ɗan'uwan da ke Turai ba ya son a taɓa masa mota, tsoron kada ƙannensa su mai da ita ta yawon biki. To sai ya zaɓa tsakanin ƙannen da ɓera.

Inda aikin yake

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tukunyar waken da aka bari a baranda ba murfi, kwanukan tuwon dare da aka ce sai da safe, buhun gari a ƙasa jikin bango, bokitin shara a buɗe a bakin ƙofa, mu muka shirya walimar. Hadisin Jabir ya yi umarni a rufe kwanuka, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, a kashe fitila lokacin barci, har ya ambaci ɓera da cewa yana iya jan lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Tun wancan zamani murfi aka fara ambata.

Hatsi da gari a zuba su a durom ko bokiti mai kauri mai murfi, a ɗaga daga ƙasa. Sannan a ɗauki tocila a bi ɗaki. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta kafar da ba ta fi milimita 6 ba, wato kaurin fensir, babba kuma santimita 2 ta ishe shi. A duba ƙasan ƙofa, inda famfo ya huda bango, inda wayar mita ta shigo, bakin silin, da ramin da ruwan wanka ke fita. Tsumma da kwali da soso ba sa toshe komai, kayan sheƙa ka ba shi. Siminti ake sa wa, ko ragar ƙarfe, ko a buga gwangwanin da aka baje a ƙasan ƙofa. Masu walda da ke Magazine za su yanka maka falle daidai ƙofarka.

Waɗanda suka riga suka shiga, tarko mai ƙarfe ya ishe su. A jingina shi da bango, domin ɓera jikin bango yake bi, ba ya ratsa tsakiyar ɗaki. A shafa tunkuza ko a ɗaure ɗan busasshen kifi yadda sai ya ja. A ɗana da yawa a dare ɗaya, ba guda ba. Manyan ɓeraye suna da tsoron sabon abu, don haka a bar musu tarkon da abinci ba a ɗana ba na kwana biyu su saba. A ɗana bayan yara sun kwanta, a kwance kafin su tashi. Gawar a sa hannu cikin leda a ɗauka, a ƙulle. Kashinsa kuma kada a share shi a bushe ƙura ta tashi, a jiƙa da ruwan bilic, irin su Parazone, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a bari ya jiƙu, sannan a goge.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta 'yar haya. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta ce min, "Ɗana, ni na toshe nawa, na rufe nawa. Na ɗaki na biyu fa? Kwatar bayan gida fa?" Gaskiyarta. Duk wanda ya tsaya bakin rafin Aboabo ya ga abin da ake zubawa a ciki ya san ba ɗaki ɗaya ke kiwon ɓerayen nan ba. Tun watan Nuwamban 2014, bayan kwalarar shekarar, aka ware Asabar ta farkon wata don tsaftar gari, kowa ya san yadda abin ya yi sanyi. Majalisar Asokore Mampong da ta birnin Kumasi (KMA) suna da 'yan tankas masu duba tsafta, kuma aikinsu bai kamata ya tsaya kan mai sayar da koko ba. Su duba mai gidan da ya bar bango a rarake shekara da shekaru yana karɓar kuɗin haya na gaba, su duba mai sayar da guba ba takarda a bakin tasha, su tabbatar kwantenar shara ba ta cika ta tumbatsa mako guda ba.

Amma gida ba sai ya jira majalisa ba. A gidan haya mun iya raba kuɗin wuta, kowa da adadin ƙwan fitilarsa da fankarsa, mun iya raba na ruwa da na kwashe masai, har da jadawalin wanke bayan gida. Buhun siminti ɗaya, 'yar raga, tarko dozin guda da kuɗin aboboya mai kwasar shara ba su fi ƙarfin ɗaki goma ba. A sa rana ɗaya duk gidan a toshe tare, a ɗana tare, mai gida kuma a cire kuɗin simintin daga hayar wata mai zuwa.